Ciwon bayan da ke tayar da matashi kafin asuba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 26, sana'ata ɗinki. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwon kwankwaso. Yakan tashe ni wajen ƙarfe uku na dare, da asuba kuma bayana a sanƙare yake, ruku'u ma da ƙyar, amma kafin hantsi sai ya sake ni. Wani lokaci ɗuwawun dama ke ciwo, wani lokaci na hagu. Na sha maganin basir da na sanyi, har ƙaho an yi min. Diklofenak kaɗai ke min aiki. Na yi eksire an ce ba a ga komai ba. Mene ne wannan, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Malam. Ba a yanke wa mutum cuta daga rubutu, amma yadda ka kwatanta ciwon nan ya yi kama ƙwarai da kumburin gaɓoɓin ƙashin baya, wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis idan ya kai ga bayyana a eksire. Abin da ya sa muka karkata can shi ne lokacin da ciwon ke zuwa da abin da ke kore shi.

Ciwon baya na yau da kullum, irin na ɗaukar kaya ko dogon zama a kan keken ɗinki, aiki ne ke tsananta shi, hutu kuma ya kwantar da shi. Mai irinsa yakan tashi da safe garau, sai yamma ya fara dafe ƙugu. Naka ya juya wannan tsari: kwanciya ce ke tayar da shi, motsi ke sauke shi. Akwai alamomi biyar da ake dubawa: ciwon ya fara kafin shekara 40, ya shigo a hankali ba rana ɗaya ba, motsa jiki na rage shi, hutu ba ya rage shi, kuma yana tayar da mutum cikin dare har sai ya miƙe ya ɗan zazzaga. Wanda ya cika huɗu daga ciki, kuma ciwon ya haura wata uku, ya cancanci bincike na musamman. Ka ƙara da sanƙarewar safe da ta wuce minti 30, da ciwon ɗuwawu mai sauya ɓangare, da yadda diklofenak ke kwance ka cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk waɗannan hanya ɗaya suke nunawa. Salla ma ma'auni ce mai kyau a nan: wanda ruku'un asuba ke gagara amma na azahar ya zo masa da sauƙi, ya riga ya faɗa wa likita rabin labarin.

A can ƙasan gadon baya, daidai inda ake ganin 'yan ramuka biyu a saman ɗuwawu, akwai gaɓoɓi biyu da suka haɗa gindin ƙashin baya da ƙashin ƙugu. Nan cutar ta fi farawa, shi ya sa ake jin ta a cikin ɗuwawu. Garkuwar jiki ce ke kai farmaki a wuraren da jijiyoyi ke manne da ƙashi. Wurin ya kumbura, ƙashin ya ɗan zaizaye, sai jiki ya zo gyara, amma maimakon ya mayar da jijiya sai ya zuba sabon ƙashi. Shekara da shekaru ana haka, ƙananan gadoji na ƙashi suna fitowa daga gefen wannan ƙashin baya zuwa na kusa da shi, har su haɗe. Idan abin ya yi nisa, eksiren baya yakan fito kamar sandar gora mai gaɓa-gaɓa, mutum ya ranƙwafa gaba, ba ya iya waiwaye sai ya juya gaba ɗaya. Abin da ya riga ya haɗe ba magani da ke raba shi. Sai dai ba kowa ke kaiwa nan ba, da yawa ba sa kaiwa ko kusa, musamman idan an kama cutar da wuri. Matsalar ita ce ko a ƙasashen da asibiti ya wadata, mutane kan yi shekara 5 zuwa 10 kafin a gane abin da ke damunsu.

Eksiren da aka ce ba komai bai wanke ka ba, don dalili biyu. Na farko, yawanci idan mutum ya ce bayansa na ciwo, hoton tsakiyar baya ake ɗauka, waɗancan gaɓoɓi biyu kuwa ko dai ba su fito ba ko ba a kula da su ba. Abin da za a nema shi ne eksiren ƙashin ƙugu daga gaba. Na biyu, eksire ɓarnar ƙashi yake nunawa, ba kumburi ba, ɓarnar kuma kan ɗauki shekaru kafin ta fito. Hoton MRI na waɗannan gaɓoɓi shi ke nuna kumburin cikin ƙashi tun da wuri, kuma galibi ba a buƙatar allurar rini. A tabbata takardar ta rubuta gaɓoɓin ƙugu ƙarara, don kada ka biya kuɗi mai yawa a ɗauki wurin da ba shi ba. Shi ma MRI sai an haɗa shi da labarin ciwon, domin macen da ta haihu kwanan nan ko mai yawan guje-guje na iya nuna ɗan kumburi a wurin ba tare da cutar ba.

A gwajin jini ana duba CRP da ESR, masu nuna kumburi a jiki. Idan sun hau sun taimaka, idan ba su hau ba ba su kore komai ba, don kusan rabin masu cutar nasu daidai yake. Sai kuma HLA-B27, wanda ya kamata a yi bayaninsa da kyau don yana rikita mutane. Wata alama ce ta gado da ke jikin ƙwayoyin halitta, an gano alaƙarta da wannan cuta a 1973. A tsakanin Turawa masu cutar, kusan 9 cikin 10 suna da ita. A Afirka ta Yamma kuwa alamar ba ta da yawa a cikin jama'a, kuma ana samun masu cutar da ba su da ita. Saboda haka idan aka yi maka gwajin ya nuna babu, kada wani ya ce maka shi ke nan ba ita ba ce. Idan kuɗinka ba zai kai duka biyun ba, MRI ya fi gwajin nan amfani gare ka.

Likita zai kuma auna ka da tef irin wanda ke rataye a wuyanka kullum. Zai sa alama a tsakiyar waɗancan ramuka biyu, ya auna santimita 10 sama da 5 ƙasa, sai ka sunkuya iya ƙoƙarinka ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Tazarar 15 ɗin ya kamata ta kai 20 ko fiye. Zai auna faɗin ƙirjinka bayan ka fitar da numfashi da bayan ka cika shi, idan bambancin bai kai santimita 2.5 ba, gaɓoɓin haƙarƙari sun fara riƙewa. Zai tsayar da kai jikin bango, diddige da ɗuwawu a manne, ya ga ko ƙeyarka na taɓa bangon. Ka rubuta waɗannan lambobi ka ajiye, da su za a gane ko cutar na tafiya ko ta tsaya.

Kafin a tsaya a kan wannan cuta, a ƙasarmu dole a kawar da wasu da ke shiga rigarta, kuma na farkonsu tarin fuka na ƙashin baya. Tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba, kuma mai na baya sau da yawa ba ya tari ko kaɗan. Ciwonsa ba ya sakin mutum da hantsi, wuri ɗaya yake tsayawa, yawanci sama da kwankwaso, kuma yakan zo da zazzaɓin yamma, gumin dare da rama. Idan aka bar shi ƙashin ya rufta, doro ya fito, ƙafafu su mutu. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, ana sha na watanni. Sai burusela, cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Makiyaya, mahauta da masu shan madara ɗanya su ne a gaba, kuma ita ma gaɓoɓin ƙugun nan take so, tare da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Mai sikila kuma yana iya samun mutuwar kan ƙashin cinya, wadda ke ba da ciwon ƙugu da ɗingishi. Ana kuma yin gwajin ƙanjamau, domin ƙwayar na iya zuwa da irin wannan kumburin gaɓoɓi. Ba zargi ba ne, tsarin bincike ne.

Ankilosin sifondilaitis ɗaya ce daga wani dangin cututtuka, kuma sanin dangin na taimakawa wajen gane ta. Ka faɗa wa likita idan ka taɓa samun ciwon agara ko na ƙasan diddige, irin wanda takun farko da safe ke yi kamar an taka ƙusa. Ko yatsa guda ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe. Ko gwiwa ɗaya ta cika da ruwa ba tare da faɗuwa ba. Ko wasu faci-faci masu ɓawo fari a gwiwar hannu, gwiwa, cibiya ko cikin gashin kai, waɗanda a baƙar fata sukan fito da duhu ko toka-toka har a ɗauka makero ne ko amosanin kai, alhali soriyasis ne. Ko gudawa mai jini da majina da ta daɗe tana dawowa. Akwai kuma wanda ke biyo bayan atini ko ciwon sanyi na saduwa da mako ɗaya zuwa huɗu: gwiwa ko idon sawu su kumbura, wani lokaci da jan ido da zafin fitsari. Wannan yawanci yakan lafa cikin watanni, amma wasu yakan zauna musu a baya.

Maganar ido tana buƙatar a tsaya mata. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu wannan cuta zai samu kumburin cikin ido wata rana. Ido ɗaya ne ke yin ja, yana ciwo can ciki, haske na sukarsa, gani ya yi hazo. Mutane kan ce afolo ne su sayi ɗigo a kyamis. Afolo yakan kama ido biyu, da kwantsa da ƙaiƙayi, kuma ka ga rabin gida na fama da shi. Wannan kuwa ba kwantsa, kuma kai kaɗai ne. A ga likitan ido a ranar ko washegari. Idan aka yi jinkiri, bakin ƙwayar idon kan manne da abin da ke bayansa, daga nan hawan jinin ido ko yana su biyo.

Yanzu magani. Diklofenak da kake sha yana cikin rukunin da ake farawa da shi, matsalar ita ce yadda ake shansa. Likita kan zaɓi guda ɗaya ya ba da cikakken awo na mako biyu zuwa huɗu a ga aikinsa: misali naproksen miligiram 500 sau biyu a rana, ko diklofenak da bai wuce 150 a rana ba, ko selekoksib 200. Tunda dare ne matsalarka, ana ajiye kaso ɗaya zuwa bayan abincin dare, an fi son mai narkewa a hankali don ya kai ka asuba. Idan na farko bai yi ba a sauya da wani, domin jikin wani ya fi karɓar wannan, na wani wancan. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyu lokaci guda. Ibuprofen da diklofenak da piroksikam 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ɓarna kawai yake ninkawa. Kafin a ɗora ka a kai na dogon lokaci, a auna hawan jini da aikin ƙoda, a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Wanda ya taɓa gyambon ciki ko zai daɗe yana sha, ana haɗa masa da omeprazol miligiram 20 da safe kafin karin kumallo. Bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, kumburin ƙafa ko raguwar fitsari, duk alamu ne na a tsaya a tafi asibiti. A lokacin azumi, musamman idan ya faɗo cikin zafin bazara, a sha bayan an ci an ƙoshi da ruwa wajen buɗa-baki da sahur, domin waɗannan magunguna sun fi cutar da ƙoda a jikin da ya bushe. Mai ciki kada ta sha sai da izinin likita, musamman daga rabin ciki zuwa haihuwa.

Haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda a kyamis, ƙwaya biyar ko shida ba suna, shi ne babban tarko. Sau da yawa akwai firednisolon ko deksametason a ciki. Kwana biyu mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa, sai ya koma ya ƙaro. Waɗannan ba sa tsayar da kumburin ƙashin baya idan aka daɗe a kansu, amma suna kumbura fuska, su kawo ciwon suga da hawan jini, su rarake ƙashi, su kashe kan ƙashin cinya, su kuma tayar da tibin da ke kwance. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, sai likita ya sauke shi a hankali. Tiramadol kuwa ba ya taɓa kumburi, sabo kawai yake bari.

Salfasalazin da metotireksat suna da amfani idan gwiwa, idon sawu ko yatsu ne suka kumbura, amma ba sa yi wa ƙashin baya komai. Salfasalazin ana fara shi da miligiram 500 a rana, a riƙa ƙarawa duk mako har zuwa giram 2, tare da gwajin jini da na hanta. Yana rage ƙwayoyin maniyyi muddin ana shansa, su dawo bayan an daina, don haka mai neman haihuwa ya sanar da likita. Metotireksat sau ɗaya a mako ake sha. Shansa kullum bisa kuskure ya kashe mutane.

Idan an gwada magungunan kumburi iri biyu da cikakken awo na aƙalla mako huɗu gaba ɗaya kuma ciwon bai sauka ba, mataki na gaba allurai ne masu toshe sinadaran da ke hura kumburin. Adalimumab miligiram 40 ne a ƙarƙashin fata duk mako biyu, etanasef 50 duk mako, infiliksimab ta ƙarin ruwa a asibiti, sekukinumab kuma 150 duk wata bayan alluran farko na mako-mako. Ana duba sakamako bayan kamar mako 12. Suna aiki sosai, amma suna da tsada, kuma suna son firiji tsakanin digiri 2 da 8 ba tare da daskarewa ba, abin da sai an yi masa shiri inda wuta ba ta tsayawa. Ba a fara su sai an yi hoton ƙirji da gwajin tibi mai kwance, da na ciwon hanta nau'in B da C, da na ƙanjamau. A nan ne kuskuren ganewa ke zama bala'i: a ba mai tibin ƙashin baya irin wannan allura, kamar zuba fetur ne a kan garwashi. Zaɓin ma ya danganta da sauran alamomi. Mai yawan kumburin ido ko na hanji an fi ba shi adalimumab ko infiliksimab, domin etanasef ba ya yi wa hanji aiki, sekukinumab kuma na iya tayar da shi.

Motsa jiki a wannan cuta daidai yake da magani, kuma kullum ne. Da safe ka fara da wanka da ruwan ɗumi, yana saurin sakin jiki. Ka kwanta rub da ciki a kan tabarma minti 15 zuwa 20, ka riƙa ɗaga kai da ƙirji a hankali, domin cutar gaba take lanƙwasa mutum, kai kuma kana mayar da shi baya. Ka tsaya jikin bango ka tura ƙeya baya ba tare da ɗaga haɓa ba, ka riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Ka juya wuya dama da hagu, ka karkata gefe da gefe, ka ja dogon numfashi sau goma hannuwanka a kan haƙarƙari kana jin suna buɗewa. Tafiya da sauri ta minti 30 da iyo duk suna da kyau. Katifa ta zama mai ɗan tauri, matashi siriri guda ɗaya, kada ka saba da sa matashi a ƙarƙashin gwiwa ko kwanciya a dunƙule. A shago, ka ɗaga kujera ko teburin keken yadda ba sai ka dunƙufa ba, kuma duk rabin awa ka miƙe, ko da guga za ka yi ko yanka a tsaye. Ɗamarar baya da ake sayarwa ba ta dace da kai ba, ƙara sanƙarewa take yi. Idan kana shan taba ko shisha ka bari, domin an tabbatar masu shan taba sun fi saurin haɗewar ƙashi.

Bayan da ya fara haɗewa yana da tauri amma yana da saurin karyewa, kamar busasshen kara. Kada ka yarda a taka maka baya, ko mai ɗori ya murɗa maka wuya don ya yi ƙara. Bayan kowace faɗuwa daga babur, ko da ƙarama ce, idan sabon ciwo ya fito a wuya ko baya a ɗauke shi karaya har sai hoto ya nuna ba ita ba ce, kuma eksire kan ɓoye irin wannan karaya, hoton sitisikan (CT) ya fi nuna ta. Idan za a yi maka tiyata, ka sanar da mai ba da maganin barci cewa kana da wannan cuta tun da wuri. Raunin ƙafafu, rashin jin taɓi a fatar tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da saninka ba, waɗannan na gaggawa ne, ba a kwana da su a gida.

Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ta hana aure ko haihuwa, kuma duk da tana bin dangi, mafi yawan 'ya'yan masu ita ba sa samunta. Mata ma suna yi, sai dai nasu ya fi jinkirin fitowa a eksire, shi ya sa ake yawan sallamarsu da cewa gajiyar aikin gida ce.

Likitan da kake buƙata shi ne na cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki, rumatoloji. Ba su da yawa, an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Maiduguri, don haka ka nemi takardar turawa daga asibitin da kake zuwa. Kafin ranar, ka yi mako biyu kana rubuta ƙarfe nawa ciwon ya tashe ka da minti nawa sanƙarewar safe ta ɗauka. Ka tafi da tsohon eksiren kansa, ba rahoton kaɗai ba, da kwalaye ko ledojin duk abin da ka sha, har na gargajiya.